Yadda na matse bidiyon kamu har leshin Gwaggo ya ɓace

Ranar kamun ƙanwata aka ɗora min aikin ɗaukar bidiyo saboda wai wayata ce mai kyamara uku, ni kuma da jin kai na saita ta a 4K, wato saitin da hoto ke fita tas sosai, ashe a wannan saitin minti ɗaya kaɗai yana iya cin sama da mega 300. Taro ya watse na duba, fayil ya haura giga shida. Gmail ya ce shi mega 25 ne iyakarsa, WhatsApp ko a dokumen ba ya wuce giga 2, YouTube kuma ya ce duk abin da ya haura minti 15 sai na tantance lambar wayata, ga netwok ɗin unguwarmu sai ka hau katanga.

Wani yaro mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ya ce yaya ai HandBrake, manhajar matse bidiyo, za ka sa a kwamfuta, kyauta ne, akwai wani abu RF kana jan shi lamba na hawa fayil na raguwa. Bai ce min ga inda zan tsaya ba. Na ja har 51, na sauke girman hoton zuwa 240p, fayil ya dawo ɗan mitsitsi, na ɗora a Facebook na tura wa dangi na kwanta ina jin ni injiniya ne.

Da asuba Gwaggo ta kira. "Kai Ɗan'auta, ina leshina?" Leshin da ta yi adashi ta saya, mai duwatsu, ya koma kamar an shafa kunun kanwa a allo, amarya ba hanci ba ido, in an fara rawa kuwa sai murabba'ai kawai ke tsalle, wata ma ta yi wa ƙawar amarya Allah ya sanya alheri.

Na koma na sa 720p, RF 22, ya fito tas kuma bai kai giga ɗaya ba. Leshi ya dawo, duwatsu na walƙiya, sai dai a daidai minti na tara ga Gwaggo ɓaro-ɓaro tana zuba soyayyiyar kaza a baƙar leda tana waige-waige.

Ba a yi azahar ba ta sake kira, murya ƙasa-ƙasa: "Ɗan albarka, wancan na farkon ma ai ba laifi, mayar da shi."