Ɗaga ƙarfe ba ya mayar da mace ƙato

Mata da yawa suna gudun ɗaga ƙarfe, wai kada damatsansu su murɗe kamar na maza. Wasu kuma cewa suke jikin mace ba ya karɓar irin wannan atisaye, wahalar banza ce. Duka biyun ba haka ba ne.

In mace da namiji suka fara tare, tsokar kowannensu tana ƙaruwa kusan daidai gwargwadon abin da ya zo da shi. Namijin dai ya shigo da jari mai kauri: tun daga balaga, sinadarin testosteron, wanda a jininsa ya ninka na mace sau 10 ko fiye, ya riga ya jibge masa tsoka a kafaɗa da ƙirji da hannu. To, kashi 10 na babban damtse ya fi kashi 10 na ƙarami cika ido, shi ke nan. Kuma ƙarfin da ake samu a makonnin farko yawanci ba girman tsoka ba ne, ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyi suke koyon aikin.

Abin da ya fi burge ni shi ne batun gajiya. A ba kowannensu rabin nauyin da yake iya ɗagawa, a ce ya lanƙwasa gwiwar hannu ya riƙe. Sau da yawa hannun namijin ne zai fara karkarwa. Tsokar mata ta fi yawan zaruruwa masu jinkirin gajiya, sannan babbar tsoka in ta ɗaure tana matse hanyoyin jinin da ke kai mata iskar oksijin.