Ramin da ya ci mutane yana da mai shi

Ranar 7 ga Nuwamban 2021 ramukan haƙar zinari suka rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa a gundumar Madarunfa ta Nijar, aƙalla mutum 18 suka rasu. A ƙasarmu idan irin wannan ta faru, hukuma ta kan rufe wurin, a yi ta'aziyya, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa kowa alhaki ba. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 92, ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, malaman fiƙihu kuma sun ce wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a wani ya faɗa, shi zai ɗauki lamuni.

Duk wanda ya san aikin haƙa ya san rami ba ya rufta haka kawai. Ana tona ramuka kusa da juna, a ƙasa kowa yana bin jijiyar zinari a kwance, har a cinye ginshiƙin ƙasar da ke riƙe da rufin, domin sau da yawa a cikinsa arzikin yake. Damina ta jiƙa ƙasa ta ƙara mata nauyi, babu itacen tokare, a bakin rami kuma an tara tsibin ƙasar da aka fitar tana danna gefe. Wani lokacin ma ba ruftawa ke kisa ba, injin jan ruwa ne aka saukar ciki, hayaƙinsa ya kwantar da mutane. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shawarar wani ce: mai rami, ko mai kuɗin da ke zaune a gari yana aiko da abinci da igiya da mai, yana jiran kasonsa. Haka abin yake a ginin bene. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa, amma ɗan kwangila ya sa a cire katako da wuri don ya kai wani aikin, ko ya sa rodi mai lamba 8 inda injiniya ya rubuta 12.

Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar ta san kisa ta hanyar sakaci da ƙin bin ƙa'ida, dokar ƙwadago ta 2012 kuma ta ɗora kare lafiyar ma'aikaci a wuyan mai aiki. Wahalar tana wajen hujja. Mai gabatar da ƙara sai ya nuna wanda ya san haɗarin, yana da ikon tsayar da aiki, ya ƙi. Idan babu takarda, igiya a wuyan ƙaramin shugaban lebura take ƙarewa, wanda shi ma umarni yake bi.

A birnin Turin na Italiya, gobara ta kashe ma'aikata bakwai a masana'antar ƙarfe ta ThyssenKrupp cikin Disamban 2007. Bincike ya nuna shugabanni sun jinkirta kashe kuɗin kayan kashe wuta saboda ana shirin rufe masana'antar, aka yanke wa shugaban kamfanin a Italiya ɗaurin shekara tara da wata takwas a hukuncin ƙarshe na 2016. A Amurka, bayan fashewar da ta kashe mahaƙa kwal 29 a 2010, Don Blankenship, shugaban Massey Energy, kamfanin da ke da mahaƙar, shekara ɗaya kawai ya samu, kan haɗa baki wajen karya ƙa'idojin tsaro. Hukuncin ya yi kaɗan ƙwarai, amma ko shi takardun da ya rubuta da maganganunsa da aka naɗa ne suka kai shi.

Don haka gyara tun kafin haɗari yake farawa. Kada a ba da izinin haƙa ko gini sai an rubuta sunan mutum ɗaya da zai amsa laifi, tare da sunan mai zuba kuɗi. Kowane wurin aiki ya riƙe littafin da ake rubuta tsagewar da aka gani, da ranar, da wanda aka faɗa wa. Idan an yi rasuwa, jandarmomi su killace wurin bayan ceto, a karɓe littafin da wayoyin shugabanni, a ji bakin waɗanda suka tsira a ranar, kafin dattawa su shiga sulhu. Iyalan mamaci su karɓi diyyarsu, haƙƙinsu ne, amma yafewarsu ba ta rufe shari'ar hukuma, domin gobe ƴaƴan wasu ne za su sauka ramin.

Akwai masu cewa wannan zai kori masu jari, kuma mai rami sau da yawa talaka ne da ke sauka ciki da kansa. Maganar ta biyu gaskiya ce, shi ya sa alƙali zai bi sawun kuɗi da umarni, ba wanda aka tarar a bakin rami ba. Jami'in da ya karɓi na goro ya kawar da kai daga wurin da aka rufe, shi ma sunansa ya shiga takardar tuhuma.