Alhaji da Gishirin Toronto

Watan Janairu ne, a kan babban titin 401. Bazazzagi na tuƙi, Bakano ya ƙudundune cikin bargo biyu a gefensa. Zanna bukar ɗinsa kuwa tana nan daram, ya rantse ba zai musanya ta da hular sanyi ba, wai dubu tamanin ya saye ta.

"Malam, danna masa hon! Buhunsa ya fashe, kaya na zuba!"

"Alhaji, ba fashewa ya yi ba. Motar hukuma ce, gishiri take watsa wa titi."

"Gishiri? Na miya?"

"Ɗan'uwansa ne, na dutse. Daga garin Goderich na nan Kanada ake haƙo shi, ƙarƙashin tafkin Huron. Shi ke narkar da ƙanƙara."

"Innalillahi! Titin za su ci? Nawa suke zubarwa?"

"A Kanada, wajen tan miliyan 5 kowace shekara."

Bakano ya yi shiru, yatsu na motsi a ƙarƙashin bargo. Kowa ya san ba tasbihi yake ja ba.

"Buhu miliyan 100 ke nan, mai kilo hamsin-hamsin! Ko rabin kuɗi na karya shi a Singa, ai na gama da talauci har jikoki. Wuce shi, in ga direban."

"Ba ka ga sun jeru uku da shuɗiyar fitila ba? Doka ta hana a ratsa su, tara ce. Kuma gabansu titin santsi ne kamar miyar kuɓewa."

"Ka ji ko! Da bakinka ka ce miya ce."

"Alhaji, rai ake karewa."

"Mu a gida ko ƙasa ba a zuba wa rami, sai yara sun cike shi suna roƙon naira hamsin, kuma ga mu da ranmu. To in sanyin ya ƙaru fa, magi za su ƙara?"

"In ya tsananta gishiri ba ya aiki, sai a koma yashi."

"Yashin ma kyauta? Tifa nawa?"

Bazazzagi ya yi masa kallon gefen ido.

"Af, ka tuna min. Gishirin nan shi ke cinye ƙasan mota. Ka tuna 'yar kwatanon da ka sayar wa ƙanena, ƙasanta duk tsatsa, ka ce wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita ran Lahadi kawai?"

"Wannan sanyi ya toshe min kunne. Ƙara hita."

Da suka tsaya shan mai, Bazazzagi ya shiga biyan kuɗi. Yana fitowa ya tarar da Alhaji a tsugune bakin kwalta, kai ba hula, kunnuwa sun yi jawur, zanna bukar ta kusa cika.

"Alhaji!"

"Samfur ne. Kana da leda?"