Ƙaramar lamba ba ita ce jin daɗin kallo ba

Duk ƙarshen Sha'aban sai ka ji 'yan uwa a Jidda da Makka masu sha'awar duban wata suna cewa a sayi gilashin ido (ƙaramin gilashin da ake ɗora ido a kai a madubin hangen nesa) mai ƙaramar lamba, wai shi ya fi. Lambar ita ce tsawon fokas ɗin gilashin a milimita. Suna da hujja: a madubin hangen nesa mai tsawon fokas milimita 1000, ana raba 1000 da lambar, don haka gilashin 6 yana girmama abu kusan sau 167, na 25 kuwa sau 40.

Abin da ake mantawa shi ne tazarar ido, wato nisan da ido zai tsaya daga gilashi ya ga fili duka. A samfurin gilashin ido da ake kira Plössl, tazarar wajen kashi 70 cikin ɗari ce na lambar. Na 25 yana ba da milimita 17 ko 18. Na 6 kuwa kusan 4 ne kawai: gashin ido na goge gilashi, maiƙo ya ɓata shi, mai tabarau kuma ɗan tsakiya kaɗai zai gani, don shi sai da tazarar milimita 15 zuwa 20.

In girma ake so, a haɗa na 20 da Barlow mai ninki biyu, wato ƙarin gilashi da ke ninka girman abu. Za a sami girman na 10, tazarar ba ta ragu ba. Jinjirin wata ma ya fi sauƙin samuwa da na 25, domin filinsa ya fi faɗi.