Keken gurgu ba kaya ba ne

A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da ababen hawa yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. An ma kafa hukuma ta ƙasa a 2020 don kula da lamarin. To, ku je kowace tasha a Kano ko Zariya ku gani ko labarin dokar nan ya iso wurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun kuɗin kaya. Mutum ya zo da kekensa zai hau mota, sai ɗan kamasho ya ce a biya na mutum, a biya na keke. Haba jama'a! Keken nan ƙafafunsa ne. Wa aka taɓa cajin kuɗin ƙafafunsa? A cikin gari kuwa, mai adaidaita sahu yana hango gurgu a bakin titi sai ya ƙara wuta, wai ɗora keken zai ɓata masa lokaci. Haka ɗalibi zai makara a makaranta, mai sana'a ya rasa ciniki, gobe kuma mu ce ba su da aiki sai bara.

Kuma mu a Arewa ya kamata abin ya fi damun mu. A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, amma waɗanda cutar ta nakasa suna nan tare da mu, yanzu magidanta ne da matan aure masu neman na kansu.

Gadojin tsallaka titi da ake ta yi da matakala zalla, da kwatocin da aka bari a buɗe makafi na faɗawa, wannan na gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da yi mata magana. Amma na tasha ba ya jiran kasafin kuɗi. Shugabannin ƙungiyar direbobi, Allah ya ja da ranku, ku da kuke iya hana mota lodi in ba ta bi layi ba, kuna iya sa doka gobe da safe: kujerar gaba ta mai lalura ce, keke da sanda ba a biya musu ko sisi, direban da ya ƙi ɗauka kuma ya rasa layinsa na ranar.