Gauraki iri 15 ne a duniya, goma suna cikin haɗari

Da yawa daga cikinmu in muka hango dogon tsuntsu tsaye cikin fadama, sai mu ce zalɓe ne ko shamuwa, mu wuce. Alhali bambance gauraka ba wuya: zalɓe yana lanƙwashe wuya in ya tashi sama, shi kuwa gauraka miƙe wuyansa yake yi sambal, ƙafafu a baya. Ni dai ina ganin wannan rashin kula yana cikin abin da ke cinye su, domin wanda ke yi musu kuɗin goro ba zai lura wani iri ya ragu ba.

Gauraki iri 15 ne, ana samunsu a kowace nahiya ban da Kudancin Amurka da Antatika. Goma daga ciki suna jerin masu fuskantar barazana na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. Amma wanda ya je kogin Platte a jihar Nebraska ta Amurka lokacin ƙaurar tsuntsaye, ya ga dubban ɗaruruwan gauraki masu launin toka sun rufe ruwa, zai rantse babu matsala. Can kuma farin gaurakan Siberiya, kusan dukkansu a tafki ɗaya suke cin sanyi, tafkin Poyang na ƙasar Sin. Ranar da ruwan tafkin nan ya lalace, shi ke nan.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na farin gaurakan Arewacin Amurka. A 1941 ashirin da ɗoriya kacal suka rage a daji. Sai da aka ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, aka tsare masaukinsu a Aransas ta Texas, aka yi ta nema har aka gano inda suke sheƙa a gandun Wood Buffalo na Kanada. Daga baya masu renon 'ya'yan suka riƙa sa farar riga mai rufe fuska, suna ba su abinci da ɗan sassaƙen kan gauraka, don kada su saba da mutum. Daga 2001 har ƙaramin jirgin sama aka riƙa sa musu a gaba, yana nuna musu hanya daga Wisconsin zuwa Florida. Yau sun kai ɗaruruwa. Wahala ce da kashe kuɗi, amma ta biya.

Masu tukku na Afirka iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Mai baƙin wuya na yankin Sahel ne, daga Senegal zuwa Habasha. Mai wuya ruwan toka, da jan leɓe yana reto a maƙogwaro, shi ne na jikin tutar Uganda, kuma tun 2012 aka ɗaga shi zuwa matakin haɗari mai tsanani. Kyansu ne ya ja musu: ana kwashe ƙwai, ana kama 'ya'ya a sayar wa masu son ado a farfajiya.

Wani zai ce manomi na neman abin sawa a baki, ina ruwansa da tsuntsu? Tambaya ce mai nauyi, tunda gauraki kan yi ɓarna a shuka. Sai dai dausayin da suke sheƙa a ciki shi ke riƙe wa manomin ruwa da rani. A Indiya, gaurakan sarus, wanda tsayinsa kan kai mita 1.8, cikin gonakin shinkafa yake kiwo har ya yi sheƙa, manoma da yawa kuma suna ƙyale shi.