Bitar jami'an gidaje: a tebur za a auna ta, ba a otel ba

Jama'a, kusan duk shekara sai an kwashi jami'an filaye da gidaje an kai su bita, wata a Abuja, wata a Kaduna, wata har ƙasar waje. Ban ƙi bita ba, ilimi ba ya yawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yanke hukuncin cewa ta yi amfani.

Ranar rufewa ake raba fom: ɗakin taro ya yi sanyi? Abinci ya wadata? Mai lacca ya iya bayani? Kowa ya cike a gurguje, don hankalinsa na kan alawus da motar komawa gida. A yi hoto da satifiket, a rubuta rahoto cewa an horar da mutum kaza. Wannan fom ɗin otel ya auna da mai girki.

A ganina, sai bayan wata shida ya kamata a zo awo, kuma a teburin jami'in. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, shi ya sa takardar mallaka sai ta ratsa tebur bayan tebur, banki kuma ba ya kallonka in ba ka da ita. To a ɗauko fayil a duba: kafin bita wata nawa yake kwana a ofis, yanzu wata nawa? Haka Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa dominsa. Malamin makarantar da ya shekara ashirin ana yankar masa, in ya zo, jami'in nan zai iya zaunar da shi ya nuna masa hanyar samun lamuni daga farko har ƙarshe? In ba zai iya ba, me ya koyo?

Sai maganar wa ake turawa, wadda ita ta fi yi mini zafi. Sau da yawa babba ne da ya kusa ritaya, shi kuwa safiyon da ke yini cikin rana yana kafa turaku sai dai ya ji labari. A bakin garin Sakkwato kuwa ba a ofis ake yanka fili ba. Mai gona ne da dillali, mai unguwa ya yi shaida, a yanka fulotai manne da juna, ba a bar hanyar mota ba, balle ta ruwa. Wanda ya taɓa ratsa unguwar Mabera da damina, ya naɗe wando yana laluben hanya, ya san ƙarshen irin wannan. Su wane ne suka taɓa kiran masu unguwanni da dillalai da magina bita?

Darasin ma a duba shi. Gidan da ba zaure, ba tsakar gida, an ɗora masa kwano a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, da mai shi ya karɓi makulli zai fara fasa bango. Maginanmu na dā da katangar ƙasa mai kauri da rufin azara sun san maganin wannan zafi. Gidajen Shagari na farkon shekarun 1980, da yawa an gina su nesa da gari, wasu suka daɗe ba mazauna. Wannan darasi ne namu na gida da ya isa a kwana biyu a kansa.

Shawarata ga masu biyan kuɗin bita, gwamnati ko ƙungiyoyin waje: a ware wani kaso tun farko don bin diddigi, kuma kada masu shirya bitar su auna kansu. Muna da malamai da ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da za su iya ƙirga fayiloli, su shiga sababbin unguwanni da tef ɗin awo, su tambayi masu neman takarda. Abin da suka gano a karanta shi a rediyo, kafin a sa hannu a kuɗin bita ta gaba.